Ƙwan Tarwaɗar da Na Wanke

Mijina ya shekara goma sha ɗaya yana ƙyanƙyasar tarwaɗa a bayan gidanmu a Gyaɗi-Gyaɗi, ya mutu bai taɓa nuna mini yadda ake yi ba. Wannan ne ƙorafina a kansa, kuma ba zan janye ba don yana ƙasa. Ina yi masa addu'a bayan kowace sallah, Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa. Amma addu'a daban, gaskiya daban. A nan dai ya cuce ni.

Aikina a sana'ar shi ne wanki. In wanke robobi, in wanke raga, in wanke tiyo, in kife su a rana. Idan ya fita in zuba wa kifi abinci. Amma ranar tatsar ƙwai, sai ya shige ɗan ɗakin langa-langar da ya yi a jikin tankuna, ya ja ƙofa, ya ce, "Ki tsare yara kada su shigo." In na leƙo ya ce, "Ke kuma meye naki? Wannan ba tuƙin tuwo ba ne." Ta tsagin ƙofa nake hangowa. Ya naɗe macen kifi a tawul, ya matsa cikinta, ƙwai ya zubo a roba kamar tsabar gero, launinsa tsakanin kore da ƙasa-ƙasa. Ya feɗe namiji ya ciro wasu fararen jakunkuna biyu, ya matse ruwansu a kai, ya juya da gashin kaza, ya baza a kan raga cikin ruwa. Washegari tanki ya cika da 'ya'ya suna motsi. Iyakar abin da na sani ke nan, shi ma guntu-guntu, don ba na daɗewa a tsaye, ko wani yaro ya yi kuka ko tukunya ta tafaso.

Ina da shekara arba'in da uku na shiga makarantar manya ta mata a Tarauni, bayan la'asar, sau uku a sati. Bai hana ni ba, dariya dai ya yi. "Tsofai-tsofai da ke za ki je ki zauna a benci?" Na je na zauna ɗin. Ina aji uku, na fara iya karanta takardar magani da kaina, ya faɗi a bakin tanki da safe. Hawan jini. Kwana uku a asibiti, bakinsa a karkace, bai ƙara magana ba.

Ya bar mini yara biyar da tankunan siminti shida, da iyayen kifi takwas a babban tanki, mata huɗu maza huɗu. Duk tsawon takabata ni na ciyar da su, ni na canja musu ruwa. Ko ɗaya bai mutu ba.

Da na fita takaba sai ga yayansa. Shi ne babba a gidansu, yana zaune a Unguwar Gano, yana sayar da kayan gyaran adaidaita. Gidan da muke ciki na gado ne, ba a raba ba, maganarsa ita ce magana. Ba mugu ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Ya zauna a zaure, na durƙusa daga ciki muka gaisa.

Ya ce, "Sai dai ki yi haƙuri, tankunan nan za a rushe. Katangar baya tana kallon titi, shago uku za su fita a wurin. Marayu su riƙa samun na haya."

Na ce, "Yaya, kifin nan ne ya ciyar da su har suka kai haka."

"Kifin, ko mai kifin?"

"Ai ina nan."

"Kin iya?"

Na ce na iya. Ban yi masa ƙarya da gangan ba, har zuciyata na ɗauka na iya. Abin da ido ya gani shekara goma sha ɗaya, me zai gagara?

Ya ja carbi, sannan ya ce, "To. Na ba ki daminar nan. In na ga 'ya'yan kifi da idona, na bar maganar. In ban gani ba, kada ki ce na yi zalunci."

Na je shagon da marigayi yake sayen allurar da ke sa mace ta saki ƙwai. Mai shagon ya san shi, ya yi mini ta'aziyya, ya rubuta mini awo a takarda, nauyi kaza allura kaza, awa kaza a jira. Na karanta da kaina, ban nemi kowa ba. Bai gaya mini komai bayan wannan ba, ni ma ban tambaya ba, don kada ya ce matar wane ba ta san aikin mijinta ba.

Na yi allura, lokaci ya cika, na naɗe mace a tawul na matsa. Ƙwai ya zubo, fal roba. Sai na duba na ga ɗigon jini a ciki, ga yauƙin jikin kifin ya bi gefen roba ya gangara.

To ni 'yar mai tuwo-tuwo ce. Tun ban kai tsayin turmi ba uwata ta koya mini cewa tarwaɗa ba ta shiga tukunya sai an raba ta da yauƙi, da lemon tsami, da toka, da ruwan zafi, har ta yi ƙarau a hannu. Macen da ta dafa kifi da yauƙinsa, sunanta ƙazama har ta mutu. Da na ga jinin nan sai na ce a raina, ka ji maza, haka yake zuba abin nan da dattinsa? Wallahi har wani daɗi na ji, na ce yau zan fi shi. Na ɗebo ruwa mai kyau na zuba, na juya a hankali, na tsiyaye kamar mai wanke shinkafa. Na sake. Na bar ƙwan cikin ruwa mai tsabta wai ya huta, sannan na tafi kamun namiji. Kafin in kama shi, in yanka, in feɗe, in gano jakunkunan nan a ƙarƙashin hanji, an yi kusan rabin awa. Da na dawo na tarar ƙwan ya dunƙule yana manne wa roba, da ƙyar na ɓamɓare shi na baza a raga.

Washegari na ɗaga buhun da na rufe tankin. Fari fat, kamar an watsa farar shinkafa. Babu motsi. Kafin azahar wari ya tashi.

Na ce ruwan rijiyarmu ne. A karo na biyu na sayi ruwan burtsatse daga masu kura, da shi na cika tanki, da shi na wanke ƙwan. Fari fat. Na ce allura ce ta lalace, na sayo sabuwa. Wata maƙociyata, mai sayar da awara, ta ce baki ne, mutane sun sa mini ido, ta kawo mini rubutu in zuba a tanki. Na sha rabi na zuba rabi. A karo na uku kuwa sau uku na wanke ƙwan, na tsince kowane ɗigon jini da tsinke, ba wanda zai ce ga datti. Duk lokacin da abin ya ƙi, sai in ƙara tsabta, don ita na sani.

Maza uku na yanka. Ita mace ana tatsa a mayar da ita ruwa, bayan wasu makonni ta sake yin ƙwai. Shi namiji sai an feɗe shi, ba ya dawowa. Muka yi ta cin farfesun da ba ya wucewa a maƙogwaro.

Ranar wari na uku mai awarar ta leƙo ta katanga, ta toshe hanci da mayafi. "Uwar kifi, yau ma barka babu suna?"

"Ki ji da awararki da ke ƙonewa."

"Tawa ko ta ƙone ana ci."

Na juya na shige ɗaki. Ni da ba a taɓa kayar da ni a baki ba a layin nan.

Ranar Talata ce. Da yamma Yaya ya zo, warin ya tare shi tun daga zaure. Bai ko zauna ba. Ya ce, "Damina ta zo ƙarshe, maƙota sun fara kawo mini ƙara. Asabar da safe magini zai zo." Laraba da hantsi mota ta juye bulo da yashi a bakin katangar baya.

Da la'asar na tafi makaranta don zaman gidan ya gagare ni. Malamarmu ƙanwar bayana ce a shekaru, da safe tana koyar da kimiyya a makarantar 'yan mata, da yamma ta zo mana. Mama take ce mini. Aka tashi, ta ga littafina babu ko layi ɗaya.

"Mama, lafiya? Yau ko gardama ba ki yi mini ba."

Na gaya mata. Ta ce ita ba mai kiwon kifi ba ce, amma in faɗa mata abin da nake yi ɗaya bayan ɗaya, kada in tsallake komai. Na fara tun daga allura. Tana gyaɗa kai har na zo wurin da na ce, "Sai in wanke."

"Ki me?"

"In wanke. Sau biyu, ko uku."

"Da ruwa?"

"A'a, da man gyaɗa. Malama, da me ake wanki?"

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Kafin ki zuba na namijin, ko bayan?"

"Kafin mana. Wa zai zuba abu a kan datti?"

Ta dafe goshi. Ta ce gobe da ƙarfe goma sha ɗaya in same ta a makarantarsu, in matsa cikin mace ɗaya kaɗan, ƙwai 'yan ƙalilan za su fito ko babu allura. Rabi in sa a busasshen murfi, rabi a murfi mai ruwa.

Na je da murfin kwalba biyu a ƙulle cikin leda. Ta kai ni wani ɗaki mai dogayen tebura, ta fito da madubin nan da ke ƙara girman abu. Na busasshen murfi ta ɗauke shi da tsinke cikin sauƙi. Na ruwan kuwa ya kama murfin gam, sai da ta kankare.

Ta ce, "Kin ga na farko. Ƙwan nan yana da riga, kuma rigar tana da danƙo, amma danƙon barci yake sai ruwa ya taɓa shi. A kogi da shi yake kama ciyawa, kada ruwa ya tafi da shi ko laka ta binne shi. A tankinki da shi zai kama raga, kowanne a wurinsa, ya samu iska. Ke kin tashe shi tun yana roba, ya kama 'yan'uwansa. Sa idonki nan."

Na sa. Da farko gashin idona kawai nake gani. Ta murɗa wani abu, sai ga shi ya cika ido, ƙato kamar goruba, da wani baki mai haske kewaye da shi, da wani jan tabo a gefe guda kamar an ɗora masa hula. Na ɗago na dubi ɗan ɗigon da ke kan gilashi, na sake sa ido. Sau uku ina yi.

Ta ce, "A wajen jan nan akwai ƙofa. Guda ɗaya tak a duk jikin ƙwan. Madubina ba shi da ƙarfin nuna miki ita sosai, amma ga hotonta." Ta buɗe wani littafi mai kauri, ta nuna mini wani ɗan rami kamar bakin mazurari. "Ta nan na namiji yake shiga, babu wata hanya. Muddin ƙwan yana bushe, ƙofar a buɗe take tana jira. Da ruwa ya taɓa shi, rigar za ta fara shan ruwa tana kumbura, ƙofar ta toshe cikin ɗan lokaci kaɗan, ko an shiga ko ba a shiga ba. A kogi mace da namiji tare suke saki, don haka babu matsala. Mama, minti nawa kike ɗauka wajen yanka namijin?"

Na jawo kujerar ɗalibai na zauna.

Ina jin don ta ba ni lokaci ne ta ci gaba da buɗa shafi. Ta nuna mini wasu ƙwai na kifayen can ƙasan teku, inda ta ce hasken rana ba ya kaiwa sosai. Ɗaya jikinsa duk zane ne, gida-gida masu kusurwa shida, sak saƙar zuma. Wani da ƙayoyi. Wani da zare-zare kamar gemun masara. Ta ce kowane kifi da irin rigar da ƙwansa ke sawa, gwargwadon inda za a yar da shi. Mai saƙar zumar nan, wasu masana na ganin zanen yana rage masa gudun tasowa sama, ya tsaya a tsakiyar ruwa inda ya dace da shi, kada ya fito inda za a cinye shi. Wasu na ganin ƙarfi yake ƙara masa. Ta ce ba a gama sani ba har yanzu.

Na ƙura wa hoton ido. Ni ban taɓa ganin teku ba, babban ruwan da na sani Tiga ne, shi ma ta tagar mota. Wai akwai mutanen da suka aika ƙarfe ƙasan teku, suka ɗebo ƙwan da bai kai ƙwayar gero ba, suka ƙirga kusurwar zanen jikinsa, suka buga a littafi don kowa ya gani. Ni kuwa ƙwan da ake tatsa taku goma daga murhuna, shekara goma sha ɗaya, ban san kada ruwa ya taɓa shi ba. Magana ce da ba ta kai tsawon sallama ba. Sai na ji hawaye, na takaici ne, ba na rashi ba.

Na ce, "Malama, da marigayi ya buɗe ƙofar ɗakin nan nasa sau ɗaya ya ce zo ki gani, me zai ragu a jikinsa?"

Ta ce, "Wataƙila shi ma bai san dalilin ba, Mama. Yadda aka nuna masa yake yi."

"Ko bai san dalili ba ai ya san doka. Dokar ma bai ba ni ba."

Na faɗi haka da ƙarfi, amma maganarta ta zauna mini. Na tuna wata rana da na miƙa masa roba ban goge ba, ya daka mini tsawa har yara suka firgita, ya cire rigarsa ya goge ta da ita. Na yi fushi kwana biyu, na ce wulaƙanci ne. Shi bai yi bayani ba, ni ban tambaya ba. Haka muka zauna, kowa da girman kansa. Ban ce na yafe wannan ba. Na dai gane cewa da na ture ƙofar na shiga, ba zai kashe ni ba.

Da zan tafi ta riƙe hannuna ta ce, "Ban ce wannan ne kaɗai kuskuren ba fa. Shi na gani. Akwai zafin ruwa, akwai wasu abubuwan da ni ma ban sani ba." Ta sa na rubuta da hannuna a littafina. Namiji tukuna, a ciro jakunkuna a goge a ajiye. Roba busasshiya, hannu busasshe, a tsane jikin mace. A tatsa, a matse na namiji, a juya. Sannan ruwa, sannan raga nan take.

Da la'asar na zauna a bakin babban tanki. Namiji ɗaya ya rage, shi ne babba, mai tabo a ka, yana kwance a kusurwa yana kaɗa gashin baki. Mace ɗaya ce ban taɓa ba, cikinta ya cika ya yi laushi. Na yi lissafi a yatsu. In na yi allura da asuba ranar Juma'a, tatsa sai wajen la'asar. Daga tatsa zuwa ƙyanƙyasa kwana guda cur, wato yammacin Asabar. Magini kuma da safe zai zo. Ko komai ya tafi daidai, guduma za ta riga 'ya'yan kifin. Kuma in na je wurin Yaya, dole in faɗa masa da bakina cewa ban iya ba lokacin da na ce na iya, cewa ba ruwa ba ne, ba allura ba, ba bakin mutane ba. Wannan ya fi yanka kifin yi mini nauyi. Babbar 'yata ta kawo mini abinci nan bakin tankin, na ce ta mayar.

Da na idar da sallar asuba na kama macen, na ɗora a sikeli, na ja allura daidai awo na yi mata. Na sa ta ita kaɗai a baho na rufe, na ɗora dutse, na rubuta lokaci. Na yafa mayafi na tari adaidaita zuwa Unguwar Gano.

Na same shi a ƙofar gida a kan tabarma, da shayi da rediyo. Ya yi mamakin ganina. Muka gaisa.

Na ce, "Yaya, na zo in gaya muku ni na kashe ƙwan nan da hannuna, sau uku. Wanke shi nake yi, ashe ba a wankewa. Jiya na sani."

"To, Allah Ya kyauta. Ai magana ta wuce."

"Ba ta wuce ba. Na yi wa ta ƙarshe allura yanzu. Ku ɗaga magini zuwa Lahadi. In kun sauko daga Juma'a kun ci abinci, ku zo ku riƙe mini wutsiyarta, ku ga komai da idonku. In Lahadi ta yi babu motsi a tankin, ni zan fara ɗaukar guduma."

Ya kashe rediyo. "Ni zan riƙe wutsiyar kifi? Da furfurata?"

"Ƙaninku ya riƙe shekara goma sha ɗaya, bai ragu da komai ba."

"Na fa riga na yi magana da mutumin nan. Ya bar wani aiki saboda ni."

"Ga waya nan kusa da kofinku."

Ya dube ni, ya dubi titi, yara 'yan makaranta suna wucewa. Na cire takalmina, na gyara mayafi, na zauna a dakalin ƙofarsa inda duk mai wucewa zai gan ni. Na ce masa ina da lokaci har azahar.